Bes Turombon na Farko: Abin da Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Duba Kafin Ya Saya

Bes turombon shi ne mafi kaurin murya cikin ire-iren turombon da ake busawa yau da kullum. Kayan busa ne na tagulla da ake sauya wa sauti da silaid, wato tagwayen bututun nan da mai busa ke turawa gaba ya jawo baya da hannun dama. A okestira shi ke zama na uku a layin masu turombon, kafaɗa da kafaɗa da mai tuba. A babbar ƙungiyar jaz shi ne na huɗu ko na biyar. A badujalar tagulla zalla irin ta Ingila akan zuba turombon tena biyu da bes ɗaya, kuma ƙungiyoyin sojoji da 'yan sanda da na majami'u a Najeriya da Gana sun ɗebi abubuwa da dama daga tsarin Ingila. Galibin masu neman bes na farko sun riga sun daɗe suna busa tena, sai shugaban ƙungiya ya tura su kujerar ƙarshe, ko kuma kunnensu ya kamu da son wannan murya ta ƙasa. Nan suke cin karo da farashi. Sabon bes na ƙwararru daga kamfanonin Amurka ko Jamus ko Japan yakan kai dala 5,000, wasu su zarce haka nesa ba kusa ba. Wanda aljihunsa bai kai nan ba dole ya haƙura da wasu abubuwa, kuma ba duk abin da ke jikin turombon ba ne ake iya haƙura da shi.

Tsawon bututun bes na zamani daidai yake da na tena, kimanin mita 2.7, kuma dukansu an gina su ne a kan sautin B♭. A faɗi suka bambanta. Cikin bututun silaid na bes inci 0.562 ne, kusan milimita 14.3, na babban tena kuwa inci 0.547. Mazurarin gaba, inda sauti ke fita, yakan kama daga inci 9.5 zuwa 10.5 a bes, a babban tena kuwa inci 8.5 ne. Maƙogwaron mazurarin ya fi buɗewa, ƙoƙon busan da ake kafa leɓɓa a kai ya fi faɗi da zurfi. Bambancin bai taka kara ya karya ba a ido, amma shi ke ba bes muryarsa mai cika ɗaki, shi ne kuma ke sa ya ci iska fiye da tena. Sanin waɗannan lambobi yana da amfani tun a kasuwa, domin wasu masu sayarwa sukan liƙa wa babban tena mai bawul ɗaya suna mai haɗe da tena da bes, mai saye ya ɗauka ya yi tsintuwa. Tef ɗin awo ya isa ya raba gardama: in mazurari bai kai inci 9 ba, tena ne.

Dalilin bawul

Bututu mai tsayi ɗaya ba ya ba da kowane sauti sai wasu ƙididdigaggu. Shi ya sa kakakin fada, duk tsawonsa, 'yan sautuka kaɗan mai busa ke juyawa. Silaid ne ya fitar da turombon daga wannan ƙunci, domin yana ƙara wa bututun tsayi yadda ake so. Zango bakwai gare shi, kowane zango yana sauke sauti da rabin taki, har na bakwai ya kai E na ƙasa. Daga wannan E zuwa B♭ na can gindi akwai giɓin sautuka biyar, wato E♭ da D da D♭ da C da B, waɗanda silaid kaɗai ba ya bayarwa da tsabta. Kusan duk tarihin bes turombon ƙoƙarin cike wannan giɓi ne.

A da, dogon turombon ake ƙerawa dungurungum. Jamusawa suna da nasu a kan F, Ingilawa a kan G, kuma silaid ɗinsa ya fi ƙarfin hannun mutum, sai an maƙala masa mariƙi kafin a kai zango na ƙarshe. Irin na G ya daɗe a badujalar Ingila har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da shi a ma'ajiyar wata tsohuwar ƙungiya. Kayan tarihi ne mai ban sha'awa, amma bai dace da mai neman bes na aiki ba. A 1839 wani maƙerin kayan busa a Leipzig, Christian Friedrich Sattler, ya ɗora wa turombon na B♭ bawul mai juyawa da ake dannawa da babban yatsan hagu. In an danna, iska takan bi ta wani ƙarin bututu na kusan mita ɗaya, turombon ya koma F. Sai dai da bututu ya ƙara tsayi, zangunan silaid sukan ƙara nisa da juna, ta yadda shida ne kawai ke shiga maimakon bakwai. Ana samun E♭ da D da D♭, ana kamo C da ƙyar a bakin silaid, B kuwa babu shi.

Wannan B guda ɗaya ya wahalar da mabusa shekara da shekaru. A cikin Concerto for Orchestra da ya rubuta a 1943, Béla Bartók ya sa mai bes ya zame daga wannan B zuwa F a ja ɗaya, abin da ke da sauƙi a tsohon turombon na F amma ya gagari mai bawul ɗaya. Dabarar da aka saba ita ce a zaro bututun gyaran murya na bawul har ya sauka zuwa E kafin a iso wurin, sannan a mayar. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 wasu mabusan manyan okestirori na Amurka, irin su Kauko Kahila na Boston, da Allen Ostrander na New York, da Edward Kleinhammer na Chicago, suka haɗa kai da kamfanonin Reynolds da Holton aka ƙara bawul na biyu. Da shi B ya samu, C kuma ya dawo tsakiyar silaid inda hannu ke kai masa ba tare da miƙewa ba.

Tambaya ta farko ga mai saye ke nan: bawul ɗaya ko biyu? Duk wanda ke shirin karatun kiɗa a jami'a, ko shiga okestira, ko busa waƙoƙin jaz na zamani, biyu yake buƙata, domin marubutan kiɗa na yanzu sun ɗauka cewa kowane mai bes yana da su, suna zuba C da B a guje ba tare da barin sararin zaro bututu ba. Amma wanda aikinsa maci ne da waƙoƙin majami'a da tsofaffin takardun badujala zai iya shekara bai haɗu da B ɗin nan ba. George Roberts, wanda ya busa wa Stan Kenton da Nelson Riddle har aka yi masa laƙabi da sunan kayan busan kansa, da bawul ɗaya ya yi mafi yawan aikinsa. Mai bawul ɗaya ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauƙin ɗauka, kuma abin da zai lalace a jikinsa bai kai na ɗan'uwansa ba. Yamaha YBL-421G da magabatansa 321 da 322, da Conn 72H da 110H, da Bach 50B, duk masu bawul ɗaya ne, kuma na hannunsu sukan yi araha don yayi ya bar su, ba don wani aibu ba. Lafiyayyen mai bawul ɗaya ya fi gurgun mai biyu.

Masu bawul biyu kashi biyu ne. A tsari na farko bawul na biyu yana zaune ne a cikin bututun na farko, saboda haka ba ya aiki sai an danna na farkon. Ana samun B♭ da F da D, ko E♭ a tsofaffin ƙira. A tsari na biyu, wanda ya bazu daga shekarun 1970, bawulolin suna jere a kan babban bututu, kowanne yana cin gashin kansa. Ana samun B♭ da F da G♭, in an danna su tare kuma D. Na biyun ya fi ba da zaɓin zango, shi ne kuma ya fi yawa a kasuwa yanzu. Masu son na farko suna cewa iska ta fi tafiya sumul idan bawul ɗaya kaɗai take ratsawa a busan yau da kullum. Douglas Yeo, wanda ya riƙe kujerar bes a okestirar Boston daga 1985 zuwa 2012, irin na farkon ya busa, kuma da shi Yamaha ta tsara YBL-622 da YBL-822G. Ga mai koyo, wannan gardama ba ta kai a ƙara mata ko sisi ba. Duk wanda aka samu da lafiya cikin biyun zai kai shi inda yake so.

Haka batun irin bawul ɗin kansa. Ed Thayer ya fito da bawul mai siffar mazugi a Amurka a shekarun 1970, René Hagmann na Geneva ya fito da nasa wajen 1990, dukansu don rage lanƙwasar da iska ke yi. Suna da daɗin busa, suna da tsada, kuma irin na Thayer yana son a riƙa kwance shi ana wankewa ana zuba mai a kai a kai. Tsohon bawul mai juyawa ya fi jure sakaci, kuma duk mai gyaran da ya taɓa kwance na ƙahon Faransa ko na tuba ya san kansa. A inda masu gyara suka yi ƙaranci, wannan kaɗai ya isa hujja.

Na hannu ko sabo

Hanya uku ce a gaban mai ƙaramin ƙarfi. Ta farko, ya sayi na hannu daga ƙirar ƙwararru. Turombon ba ya tsufa yadda na'ura ke tsufa. Wanda aka ƙera shekara 40 da suka wuce, in an kula da shi, zai yi wasu 40. Sunayen da suka fi yawo a kasuwar na hannu sun haɗa da Bach 50B2 da 50B3, da King 7B da Duo Gravis, da Holton TR-180 da TR-181, da Benge 290, da Yamaha YBL-612 da 613H, da Getzen 1052FD da 1062FD. Sau da yawa akan same su a rabin kuɗin sabo ko ƙasa da haka, kuma in mutum ya tashi sayarwa ba ya asara mai yawa, domin wanda ya fara saye ya riga ya ɗauke faɗuwar farashin. Yamaha ta yi suna wajen daidaito, wato wannan da wancan na ƙira ɗaya kusan duk ɗaya suke, abin da ke rage kasada ga mai saye daga nesa. Bach kuwa mabusa sun saba cewa sai an gwada, domin kowanne da halinsa.

Akwai tsofaffin da sunansu ya sa suka fi ƙarfin mai neman araha. Conn da aka ƙera a garin Elkhart na jihar Indiana kafin a mayar da aikin Abilene ta Texas a farkon shekarun 1970, musamman 62H, da Bach na zamanin New York da Mount Vernon kafin komawa Elkhart a 1965, masu tara kayan tarihi da ƙwararru suna rububinsu. Mai koyo ba zai ji bambancin da ake biyan wannan kuɗi dominsa ba. Tsofaffin masu bawul biyu kuma suna da wani abin lura: da yawansu madannansu biyu duk a ƙarƙashin babban yatsa suke, sai an mirgina yatsa daga wannan zuwa wancan. Tsarin yanzu ya raba su, ɗaya ga babban yatsa, ɗaya ga na tsakiya. Ana iya sauya tsohon tsari zuwa sabo, amma aikin ƙwararren mai gyara ne, kuma kuɗinsa ya kamata ya shiga lissafi tun farko.

Hanya ta biyu ita ce sabo ƙirar Sin. Masana'antu irin su Jinbao da ke Tianjin suna ƙera turombon da ake sayarwa da sunaye barkatai, yawancinsu kwaikwayon fitattun ƙirar Yamaha ko King. Farashinsu yakan tsaya a kusa da dala 1,000, sama ko ƙasa. Ingancinsu ya ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan, har wasu suna da murya mai kyau. Inda suka fi kasawa shi ne ƙananan sassa: madannai da sukurorinsu, da shafen da ke kan bututun silaid na ciki, da yadda bawul ke zama a gidansa. Guda biyu daga kwali ɗaya suna iya bambanta. Saboda haka sunan da aka zana a mazurari bai kai muhimmancin wanda ya sayar ba. Dillalai irin su John Packer da Wessex a Ingila, ko Thomann a Jamus, suna ba da garanti, kuma ana iya komawa gare su. Wanda aka saya a intanet daga mai sayarwar da ba a san shi ba, ba garanti ba kayan gyara, shi ne inda karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi tabbata. Kuma duk kyansa, ranar sayarwa ba ya riƙe daraja.

Ta uku tana tsakani. Kamfanonin da suka yi suna da ƙirar hannu sun fito da masu sauƙin kuɗi: S.E. Shires na Massachusetts, wanda kamfanin Eastman ya saya a 2014, yana da jerin Q. Michael Rath na yankin Huddersfield a Ingila yana da R900. Jupiter na Taiwan, ko da yake ba mai ƙirar hannu ba ne, yana da XO a wannan mataki. Kaya ne masu kyau, sai dai kuɗinsu yakan ninka na hanya ta biyu, ya kai ko ya wuce na lafiyayyen na hannu.

Ƙarfen mazurari yakan ɗauke hankalin masu saye fiye da kima. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. Mai ruwan ɗorawa tana da jan ƙarfe kashi 70 cikin 100, mai ruwan zinariya kusan 85, ja kuma kusan 90. Akan ce mai ɗorawa ta fi kaifin murya, ja ta fi taushi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bambancin ƙanƙane ne in aka gwada da abin da leɓɓa da numfashin mai busa ke yi. Girman mazurari ya fi shi tasiri. Inci 9.5 shi ne ma'aunin da ya dace da kowane irin aiki, mai 10.5 yana baza sauti, yana kuma wahalar da wanda bai gina numfashinsa ba.

Yadda ake dubawa

Silaid shi ne ran turombon, kuma a kansa ya kamata rabin lokacin dubawa ya ƙare. Bututu huɗu ne, biyu a cikin biyu, tsakaninsu tazarar da ba ta kai kaurin takarda biyu ba, kuma dole su kasance a miƙe, a jere daidai da juna. Ana cire shi daga mazurari, a goge man da ke jiki, a buɗe makullinsa, a karkata shi ƙasa sannu a hankali ana tare da hannu. Lafiyayye yakan zame da nauyin kansa ba tare da tsayawa ko ƙara ba. In ya cije a wuri ɗaya, akwai lotsawa a bututun waje daidai wurin. In ya yi nauyi tun daga sama har ƙasa, bututun sun karkace ko sun bar layi. Mai sayarwa da ya laɓta masa mai kafin a zo yana iya ɓoye duka biyun, shi ya sa ake gwadawa a bushe.

Daga nan sai a zare bututun waje gaba ɗaya a duba na ciki. An shafe su da kurom mai sheƙi, kuma ƙarshensu ya ɗan fi kauri, nan ne suke gugar na waje. In shafen ya ci har launin ƙarfen ƙasa ya bayyana, ko yana ɓarewa, wurin zai riƙa kankare bututun waje, kuma maganinsa sauya bututu, aiki mai tsada. Ɗan tabo ƙarami a gefe ɗaya ana iya zama da shi shekaru, amma dalili ne na rage farashi. Ana kuma ɗaga kowane bututu a hango haske ta cikinsa don ganin miƙewarsa da dattin da ya taru. Gwajin ƙarshe na iska ne: a mayar da silaid, a toshe bakunan biyu da yatsu, a ɗan ja. In yana riƙe iska zai yi turjiya ya nemi komawa. In ya tafi salin-alin, akwai yoyo, ko dai a ɗan madannin zubar da ruwa na ƙasa, wanda gyaransa ba komai ba ne, ko a wani likin dalma, ko kuma bututun sun cinye.

Bawul ma da iska ake gane lafiyarsa. A zaro bututun gyaran muryarsa ba tare da danna madanni ba. In ya fita da ƙara kamar an cire toshiya, bawul ɗin yana riƙe iska. A kama sandar da yake juyawa a kai a girgiza. Bai kamata ta yi motsi sama da ƙasa ko gefe ba. A kwance murfin baya a duba 'yan zane-zanen da maƙera suka yi, waɗanda ya kamata su haɗu daidai a buɗe da kuma a danne. In ba su haɗu ba, galibi 'yan robobin da ke tare madanni ne suka cinye, abin da ake sauyawa da kuɗi kaɗan, amma yana toshe sautukan ƙasa har mutum ya zargi turombon ɗin baki ɗaya. Ƙarar ƙwas-ƙwas a madanni yawanci rashin mai ne ko sukurun da ya saki.

Akwai ciwon da ba ya warkewa. In tutiya ta fara zagwanyewa daga cikin tagulla saboda damshi da yawu, sai a ga ɗige-ɗige masu ruwan hoda ko ja a waje, musamman a bututun silaid na waje da lanƙwasar ƙasa. Daga ciki yake ci, kuma ƙarshensa huda. Ya bambanta da jan tabon da ke fitowa a saman ƙarfe inda fenti ya goge, wanda ke fita da goga. Kowane bututun gyaran murya kuma a tabbatar yana motsi, domin wanda ya shekara a maƙale yakan ƙi fita sai da wuta.

Abubuwan da suka fi tsorata sabon mai saye su ne mafi ƙarancin illa. Fentin sheƙi da ya goge, ƙarfe da ya dushe, 'yan lotse-lotse a mazurari, ko alamar an taɓa miƙar da bakinsa, duk ba sa hana murya. Su ne ma ke sauko da farashi. Mummunan turombon mai lafiyayyen silaid shi ne abin da mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya yi farauta. In da hali, a tafi da malami ko wani tsohon hannu ya busa, mai saye ya koma nesa ya saurara, sannan su yi musanya. A gwada F na ƙasa da bawul da kuma ba bawul a zango na shida, a ji ko muryoyin sun yi kusa. A gwada C da B. A busa a hankali ƙwarai, domin a nan yoyo ke tona kansa.

A kuma riƙe shi na minti goma ko fiye. Mai bawul biyu ya haura kilo 2, kuma duk nauyin a hannun hagu yake, hannun da yatsunsa biyu ke aikin danna madannai. Wanda tafinsa ƙarami ne, ko yaro mai tasowa, yana iya samun ciwon wuyan hannu. Akwai madauri da 'yan sandunan tallafi da ake ɗaurawa don mayar da nauyin bayan hannu, kuma ba su da tsada.

Abin da ke biyo bayan ciniki

Bai kamata kuɗin turombon ya cinye duk abin da aka tara ba. Ƙoƙon busa na farko da malamai suka fi ba da shawara shi ne Bach 1½G, ko makamantansa irin su Schilke 58, da Yamaha 59, da Denis Wick 2AL. Wanda ya taso daga tena yana iya farawa da Bach 2G. Sababbin shiga sukan yi ɗokin manyan ƙoƙuna irin Schilke 60 don suna sauƙaƙa sautukan gindi, sai sautukan sama su zube, murya ta yi bushi-bushi, numfashi ya ƙare tun tsakiyar layi. Tsofaffin Conn kuma ramin ƙoƙonsu yana da wata siffa dabam da ake kira Remington, ƙoƙon zamani yakan yi rawa a ciki, sai an nemo wanda ya dace. Ƙoƙo na hannu da gefensa ya ɓare har tagulla ta fito bai kamata ya taɓa leɓe ba.

Mai saye daga Najeriya ko Nijar ko Gana yana da ƙarin lissafi. Shagunan kayan kiɗa, har na kasuwar Alaba a Legas, sun fi ajiye ƙaho da tena na ɗalibai, bes kuwa sau da yawa sai an yi oda. Kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala suna hawa kan farashi, kuma mayar da kaya in bai yi ba yana iya cin abin da ya kusa kuɗin sayensa. Don haka kafin a biya a nemi lambar da aka buga a jikinsa, da hotunan ƙarshen bututun ciki a kusa, da bidiyon silaid yana zamewa a bushe. Shagunan da suka ƙware a kayan tagulla na hannu, irin su Dillon Music a New Jersey, sun fi mai sayarwa ɗaiɗai tsada, amma sukan bayyana lafiyar kaya. A hanya mazurari ne ya fi shan wahala, domin in kwali ya faɗi ta kai, nauyin bawuloli yakan tura shi ya naɗe a jikin akwati. A roƙi mai aikowa ya cusa wani abu mai taushi a maƙogwaron mazurarin yadda bakinsa ba zai taɓa bango ba, ya naɗe silaid dabam. In akwai ɗan'uwa mai dawowa da zai riƙo shi, ya fi.

Masu gyaran kayan busa na tagulla ba su da yawa a wannan yanki, kuma silaid ba aikin mai walda ko mai gyaran jikin mota ba ne. Akwai sandunan ƙarfe na musamman da ake zurawa a ciki a fitar da lotsawa, kuma guduma ɗaya ta kuskure tana iya kashe bututu. Masu kula da kayan badujalar sojoji da 'yan sanda, da malaman makarantar kiɗa ta MUSON a Legas, su ne wuraren da ya dace a fara tambayar wanda ya iya. Sauran kulawar a hannun mai shi take. Silaid yana son man da aka yi dominsa, irin su Trombotine ko Slide-O-Mix ko na Yamaha, tare da fesa ruwa. Bawul yana son mai marar kauri a ciki da mai ɗan kauri a sanda da gaɓoɓin madanni. Bututun gyaran murya kuma giris. Man keken ɗinki ko na inji ba ya cikin lissafi. Lokacin hunturu ƙurar da ke sauka a kan jiƙaƙƙen silaid tana haɗuwa da mai ta riƙa cin shafen kurom, saboda haka a goge bututun ciki da tsumma mai laushi bayan kowane busa a fili, a wanke na waje da sandar goge-goge duk mako, a rufe akwati. Zafin rana kuma yana ɗaga muryar kayan busa, don haka a faretin tsakar rana akan ƙara zaro babban bututun gyaran murya fiye da yadda aka saba a ɗaki. A wanke turombon ɗin gaba ɗaya da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka duk bayan 'yan watanni, ban da tafasasshen ruwa, wanda ke ɗaye fentin tsofaffin ƙira.